Daga gishirin iridiyam zuwa fitilar OLED mai kore: yadda ake haɗawa, tsarkakewa da gwadawa

Duk wanda ya taɓa kai jawwal gyara a titin Falasɗin na Jidda ya ji mai shago yana cewa wannan shashar OLED ce, shi ya sa take da tsada. Abin da ke ba da hasken shimfiɗu ne na sinadarai da aka jera a kan juna, waɗanda silin gashi ya ninka kaurinsu duka sau ɗaruruwa, kuma jan da koren da ido ke gani daga wasu ƙwayoyin sinadari suke fitowa masu ƙarfen iridiyam a tsakiyarsu. Wannan bayani na 'yan'uwa ne ɗalibai da masu bincike da ke da damar shiga ɗakin gwaji a nan Saudiyya, ko a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, ko KAUST da ke Thuwal, ko KFUPM a Zahran. Kore za a yi, da sinadarin Ir(ppy)2(acac), domin shi ne ya fi yafe wa mai koyo kurakuransa.

Dalilin sa ƙarfe mai nauyi

In aka ba fitilar wuta, ilektiron yana shigowa ta gefe ɗaya, gurbinsa mai caji kishiya yana shigowa ta ɗaya gefen. Inda suka haɗu sai su ƙulla abin da ake kira eksiton. Eksiton iri biyu ne: a cikin kowane huɗu, ɗaya ne singilet, uku tiriflet. Sinadarin da ba shi da ƙarfe mai nauyi, irin Alq3 da Tang da VanSlyke suka yi aiki da shi a Kodak a 1987, singilet ɗin kaɗai yake mayarwa haske, sauran ukun su tafi a zafi. Wato ana asarar kashi 75 cikin 100 tun kafin a fara lissafi. Iridiyam mai lamba 77 da filatinam mai lamba 78 suna da nauyin da ke cakuɗa juyin ilektiron da kewayawarsa, har tiriflet ya sami ƙofar fitar da haske. Wannan shi ne fosforesans, haske mai ɗan jinkiri. Baldo da Thompson da Forrest sun nuna hakan a 1998 da jan sinadarin filatinam PtOEP, a 1999 kuma suka kawo koren Ir(ppy)3. Abin da ya sa iridiyam ya yi gaba shi ne sauri. Tiriflet ɗin PtOEP yana zaman gomman maikurosakan kafin ya saki haske, na Ir(ppy)3 kuwa bai kai biyu ba. Tiriflet da ya daɗe a tsaye, wani ne zai zo ya buge shi su lalace tare.

Tanadi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sinadaran nan daga waje ake odarsu, suna bi ta takardun izini da kwastan, don haka a rubuta buƙata ta hannun duktur mai kula da aikin tun farkon zangon karatu. A nemi iridiyam kulorayid mai ruwa a jiki, IrCl3·nH2O. Busasshen, wanda ba ruwa a jikinsa, ba ya narkewa, kuma zai kwana a gindin kwalba bai yi komai ba. A duba takardar da ta zo da shi a ga kashi nawa ne iridiyam a ciki, yawanci tsakanin 52 da 55 cikin 100, a yi lissafi da wannan adadin. Gishirin yana shan laima, kuma laimar Jidda da Thuwal a watannin zafi ba ta wasa. A auna da sauri, a rufe, a mayar cikin tukunyar busarwa. Iridiyam da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu, saboda haka kowane ruwan wanki da tarkace mai iridiyam a tara shi a kwalba guda mai suna a jiki.

Abu biyu na gida da ake mantawa. Wutar Saudiyya mai zagaye 60 ce a sakan, yawancin injinan Turai kuma na 50 ne, a karanta allon jikin famfon zuƙar iska da injin sanyaya ruwa kafin a jona. Sannan ruwan famfo a bazara da ɗuminsa yake fitowa, ba zai sanyaya kwandensa yadda ya kamata ba. A yi amfani da injin zagaya ruwan sanyi, a tsayar da shi wajen digiri 15.

Mataki na farko: tagwayen kulorin

A sami kwalbar gwaji mai zagayen gindi ta mililita 100. A zuba gishirin iridiyam gram 1.00, wanda in mai ruwa uku ne ya kama milimol 2.84. A ƙara 2-fenilfiridin, wato Hppy, gram 0.97, kusan mililita 0.9, ninki 2.2 na iridiyam ɗin ke nan. Ruwan narkarwa shi ne 2-etoksi-etanol mililita 30 da tataccen ruwa mililita 10, uku bisa ɗaya. Wannan hanya ta Nonoyama ce tun 1974, har yau ba a sami wadda ta fi ta sauƙi ba. A busa naitirojin ta cikin ruwan na minti 20 kafin a kunna wuta, a ɗora kwandensa, a sa wankan mai a digiri 110 zuwa 120, a bar shi yana tafasa yana komawa awa 24 a ƙarƙashin naitirojin. Duk wannan a cikin akwatin zuƙar hayaƙi, da safar hannu. 2-etoksi-etanol yana cutar da haihuwa ga namiji da mace, mai juna biyu kuma kada ta kusance shi sam. Tunda mako a nan ranar Lahadi yake farawa, a ɗora ranar Lahadi ko Litinin. Wanda ya ɗora ranar Alhamis da yamma ya bar tukunya a wuta ba mai dubawa har Juma'a da Asabar su wuce.

Ruwan zai fara da duhu, a hankali garin rawaya ya riƙa fitowa. In ya huce a ƙara ruwa kaɗan don sauran ya faɗo, a tace, a wanke da ruwa, sai etanol, sai heksan, a busar. Lissafi ya ce gram 1.52 ne iyakar abin da za a samu, hannu mai kyau yana samun 1.1 zuwa 1.3. Abin da aka samu iridiyam biyu ne da kulorin biyu suka haɗa kamar gada, su ne tagwayen. In an haska shi da fitilar UV ta nanomita 365 ba zai yi wani abin kirki ba, kada hankali ya tashi, haka yake. In an ga baƙin gari ya gauraya da rawayan, iridiyam ne ya rushe, ko don zafi ya yi yawa ko don iska ta shiga. A narkar da rawayan a DCM, wato ruwan narkarwa na daikulorometan, a tace, baƙin zai tsaya a takarda.

Mataki na biyu: raba tagwayen

A ɗauki gram 0.50 na tagwayen, milimol 0.47. A ƙara asetil-asiton, wanda daga gare shi ake samun acac, mililita 0.15 da busasshen sodiyam kabonet gram 0.5, a cikin 2-etoksi-etanol mililita 20, wannan karon ba ruwa. A kori iska da naitirojin kamar ɗazu, a tafasa awa 12 zuwa 15. Kabonet ɗin yana cire wa asetil-asiton haidirojin ɗaya, shi kuma ya kama iridiyam da oksijin ɗinsa biyu ya kori kulorin. In ya huce a zuba ruwa, a tace, a wanke da ruwa sosai har gishiri ya fita, sai metanol mai sanyi kaɗan. Iyakar lissafi gram 0.56. A ɗiga kaɗan a DCM a haska da fitilar 365 a ɗaki mai duhu, za a ga kore.

Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne asid. Acac ba ya jure shi. Tsohon kulorofom ko DCM da ya sha rana yana tara asid mai kulorin, kuma wannan ya isa ya ɓalle acac ya mayar da kai tagwayen da ka baro. Silika ma tana da ɗan tsami. A yi bututun silika gajere, a wuce da shi da DCM cikin sauri, in an ga launi yana jan wutsiya a ɗiga tirayetil-amin kaɗan a ruwan. Ruwan gwajin NMR kuma, wato gwajin da ke nuna tsarin sinadari, a ratsa shi ta alumina mai kanwa-kanwa kafin a narkar da samfur.

A NMR na haidirojin, shaidar nasara layi ne guda wajen 5.2 na haidirojin ɗin tsakiyar acac, da layi guda wajen 1.8 na haidirojin shida, da alamomi takwas na zobban ppy. Tagwayen suna da alama wajen 9.2. In an gan ta, komai ƙanƙantarta, akwai saura.

Wanda yake son Ir(ppy)3 mai ppy uku, daga tagwayen nan zai tashi, da ƙarin Hppy da fotasiyam kabonet a cikin gilisarol. Sai dai siffa biyu ke fitowa. A wajen digiri 140 ana samun mer, a wajen 200 ana samun fac. Fac ake nema, mer haskensa rauni ne da shi. NMR yana raba gardama nan take: fac alama 8 yake bayarwa saboda ppy ukun a daidai suke, mer kuma 24.

Tsarki

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ɗalibai suka fi gajiya. Samfurin da NMR ya ce tsaf yake zai iya kashe fitila cikin awanni, domin NMR ba ya ganin datti da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, fitila kuwa tana jin wanda ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Mafi sharri shi ne ragowar kulorin. A duba da HPLC, na'urar da ke rarrabe abubuwan da ke gauraye a samfur, sannan a turara.

Turarawar irin ta kafur ce, wanda ke tashi daga daskararre ya zama tururi bai narke ba. Ana sa garin a ƙarshen dogon bututun gilashi, a zuƙe iska har matsi ya sauka wajen 10⁻⁵ zuwa 10⁻⁶ milibar, a zura a tanda mai shiyyoyin zafi, ƙarshen da garin yake ya fi zafi, yana raguwa zuwa bakin. A fara da barin sa wajen digiri 100 na awa ɗaya ko biyu don ragowar ruwan narkarwa ya fita. Daga nan a riƙa ƙara digiri 10 ana jira, har a ga launi ya fara kama bangon gilashi a shiyya ta biyu, sai a tsaya nan a bar shi ya kwana. Dattin da ya fi sauƙin tashi zai wuce can gaba wurin sanyi, mai nauyi ya zauna a baya ya yi baƙi, na kirki ya taru a tsakiya kamar zobe. Tsakiyar zoben kawai ake kankarowa, gefunansa a haɗa su da zagaye na gaba. Mai gaggawar ƙara wuta yana rusa sinadarin ne da hannunsa, alamar haka kuma matsi ya yi tsalle sama ba dalili. Don gwajin tsawon rai, a turara sau biyu. Mai masauki, wato sinadarin da za a watsa na iridiyam ɗin a cikinsa, da sauran shimfiɗu ma turarru za a saya, ba amfani a tsarkake kashi 7 a bar kashi 93 da datti. Tarkon ruwan naitirojin da ke gaban famfo kuma kada a bar iska ta ratsa shi yana sanyi, oksijin zai taru a ciki ya zama ruwa, kuma wannan yana fashewa.

Kafin a ɓata gilashin ITO, mai shafen da ke wuce da wuta da haske wanda ake gina fitilar a kansa, a gwada hasken a ruwa. Miligram 6.0 a toluwin mililita 100, a sake tsarma shi sau goma. A auna hasken yadda yake, sannan a busa argon ko naitirojin minti 20 a sake aunawa. Bambancin zai ba da mamaki, domin oksijin shi kansa tiriflet ne a zaunensa, yana karɓe ƙarfin kafin ya zama haske. Ƙololuwar hasken tana wajen nanomita 520, rayuwar tiriflet ɗin kuma tsakanin maikurosakan ɗaya da biyu in an kori iska da kyau. In ta fito gomman nanosakan, iska ce ba ta fita ba. Don aunawa ta gaske sai an daskarar, an zuƙe, an narkar, sau uku. Shekaru ana rubuta cewa fac-Ir(ppy)3 kashi 40 cikin 100 na hasken da ya sha yake mayarwa, sai da aka gyara hanyar aunawa aka ga ya kusa 100.

Baƙo da mai masauki

Ba a shimfiɗa sinadarin iridiyam shi kaɗai. In ƙwayoyinsa suka matsu da juna suna kashe hasken junansu. Ana watsa shi ne kaɗan, kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyi, a cikin wani sinadari. Masu wannan fanni baƙo da mai masauki suke kiransu, kuma mutanen Makka sun san ƙa'idar: mai masauki ne ke miƙa wa baƙo, ba ya karɓa daga hannunsa. Don haka dole ƙarfin tiriflet na mai masauki ya fi na baƙo. Lissafin mai sauƙi ne, a raba 1240 da tsawon zangon hasken a nanomita a sami ilektiron-bolt. Koren 520 ya kama wajen 2.4. Mai masauki CBP yana da kusan 2.56, ya isa kore da ja. Shuɗin baƙo FIrpic yana wajen 2.65, ya fi CBP, sai ƙarfin ya riƙa komawa baya yana ɓacewa, shi ya sa ake ba shi mCP mai 2.9. Maƙwabta ma a duba su. NPB, da ake yawan sawa don kai gurbi, tiriflet ɗinsa wajen 2.3 ne, in ya jingina da koren kai tsaye zai riƙa sata. A raba su da TCTA nanomita 10.

CBP yana da aibu da ya shafe mu a ƙasar nan. A wajen digiri 62 yake fara laushi ya koma ƙanƙara-ƙanƙara, shimfiɗar ta tsattsage. Motar da aka ajiye a rana a Jidda cikin Agusta, gaban gilashinta yana iya kai wannan. Samfurin da za a kai wani gari aunawa kada a bar shi a mota ko na tsawon sallar Azahar. TCTA ba ya laushi sai wajen 150, TPBi mai kai ilektiron kuma sama da 120. CBP na koyo ne da kwatanta sakamako da na wasu, ba na kayan sayarwa ba.

Gina fitilar

Gilashin ITO a wanke shi a injin girgiza ruwa, minti 10 zuwa 15 a kowane ɗaya: ruwan sabulun gilashi, tataccen ruwa mai megohm 18.2, asiton, sai IPA, wato aisofurofanol. A busar da bindigar naitirojin, a sa a fitilar ozon minti 15, wadda ke ƙone ragowar maiƙo ta kuma sauƙaƙa shigar gurbi. Amfanin ozon ɗin yana gushewa, a shigar da gilashin injin cikin 'yan mintoci. Ranar da ƙura ta taso gari ya yi ja, in ɗakin ba mai tace iska ba ne, a haƙura da wanki. Ƙwayar ƙura ɗaya mai maikuromita guda ta ninka kaurin shimfiɗun sinadaran duka sau da yawa, za ta huda su ta haɗa sama da ƙasa.

Jerin da za a gina daga ITO zuwa sama shi ne HAT-CN nanomita 10, NPB 40, TCTA 10, CBP mai ɗauke da baƙon 30, TPBi 40, LiF 1, sai alminiyam 100. Ana turara kowanne daga ƙaramar tukunyarsa a cikin injin da aka zuƙe wa iska. Kada a buɗe murfin da ke kare gilashin sai matsi ya sauka ƙasa da 5×10⁻⁶ milibar. Kowane sabon gari a fara ɗumama shi murfi a rufe har ya gama fitar da iskar da ya sha. Saurin zuba na sinadaran angstirom 1 a sakan, LiF kuma 0.1.

Shimfiɗar haske ita ce mai wuya, don tukunya biyu ke aiki lokaci guda, kowacce da ma'aunin kiristal nata mai karanta saurin zuba. CBP a 1.0, baƙo a 0.08, ya ba da kusan kashi 7.4 cikin 100, kuma nanomita 30 za su cika cikin ƙasa da minti biyar. Matsalar ita ce ma'aunin ba ya karanta 0.08 da natsuwa, lambar sai rawa take. Dabarar da ake yi ita ce a ninka lambar gyaran ma'aunin baƙon sau goma a cikin injin, sai ya riƙa nuna 0.8, a tsayar da shi a nan. A rubuta hakan a littafin injin, kada na bayanka ya zuba kashi ɗaya cikin goma na abin da yake nufi. Lambar gyaran kanta sai an tabbatar da ita: a zuba shimfiɗa mai kauri a gilashi, a auna kaurinta na gaskiya da wata na'ura, a gyara. Kiristal ɗin yana jin zafi, in ruwan sanyaya shi ya yi ɗumi karatunsa zai riƙa zamewa. A tabbata tururin CBP ba ya kaiwa ga ma'aunin baƙo, in yana kaiwa a sa ɗan shinge tsakani.

Alminiyam a fara shi a hankali, angstirom 1 a sakan na nanomita 10 na farko, sannan a ƙara zuwa 3 ko 4 a gama da wuri, don zafin tukunyarsa yana dukan gilashin kuma CBP na ƙasa. Daga injin sai akwatin safar hannu mai naitirojin, inda ruwa da oksijin ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. A ɗora murfin gilashi mai ɗauke da abin shan laima, a zagaye bakinsa da gam mai daskarewa da hasken UV, a rufe wurin fitilar da ƙyallen alminiyam lokacin haskawa. Fitilar da aka fitar ba murfi a iskar Jidda, ana kallo baƙaƙen ɗigo za su fara tsiro a kanta.

Wanda ba shi da injin mai tukwane da yawa zai iya shafa shimfiɗun da ruwa a faifai mai juyawa: PEDOT:PSS a ƙasa, sai masu masauki PVK da PBD da baƙo a kulorobenzin. Sai dai PEDOT:PSS asid ne, kuma an riga an faɗi yadda acac yake da asid. A wannan hanya Ir(mppy)3 ya fi dacewa, yana narkewa fiye da Ir(ppy)3 kuma ba shi da acac.

Aunawa da karanta alamun ciwo

In fitilar milimita 2 ce a kan 2, faɗinta 0.04 na murabba'in santimita ne. Ya kamata ta fara haske wajen bolt 3. A riƙa ƙara bolt a hankali ana rubuta wutar da take ja da hasken da take bayarwa. Kore mai kyau yana ba da kandela 60 zuwa 70 a kowane amfiya, wato haske na kandela 1,000 a murabba'in mita yana buƙatar miliamfiya 1.7 kacal a murabba'in santimita. Ko da kowane eksiton ya zama haske a ciki, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ke fitowa ta gaba, sauran ya maƙale a gilashi da ITO ko ƙarfen baya ya shanye. Shi ya sa kashi 19 cikin 100 da Adachi da abokan aikinsa suka samu da wannan sinadari a 2001 ya nuna cewa a ciki an kusa cika ɗari. Wanda ya auna ya ga 35 a gilashi lami, ya fara zargin ma'auninsa. Yawanci hasken da ke zubowa ta gefen gilashi ne ya shiga na'urar, a shafe gefen da baƙin fenti.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma zanen launin hasken yana faɗin inda ciwon yake. Ɗan tudu wajen nanomita 390 CBP ne ke haske da kansa, baƙo ya yi kaɗan. Tudu wajen 440 na NPB ne, ilektiron ya tsallake, TCTA ya yi siriri ko bai rufe ko'ina ba. In koren ya karkata zuwa rawaya kuma ya yi rauni, baƙo ya yi yawa ya cure. In sai an kai bolt 6 ko 7 kafin a ga haske, a tuhumi LiF, nanomita 2 maimakon 1 ya isa ya toshe hanya, ko kuma alminiyam ya zuba a matsi marar kyau. In wuta tana wucewa tun a bolt 1 ba haske, ƙura ce ko tsinin ITO. Raguwar inganci in an ƙara haske kuwa ba laifin kowa ba ne, tiriflet ne ke karo da juna da kuma caji. Ana rage shi da faɗaɗa wurin da eksiton ke ƙulluwa, misali a gauraya TCTA da TPBi su zama masu masauki tare.

Tsawon rai ana auna shi da tsayayyar wuta, a ga awa nawa haske zai yi kafin ya sauka zuwa kashi 95 ko 50 na farkonsa. A rubuta hasken farawa da zafin ɗakin tare da sakamakon. In an ninka hasken farawa sau biyu, ran yana raguwa kusan sau uku, kuma in mukayyif ya mutu cikin dare gwajin ya gurɓace.

Sauya launi

Matakin sama na ilektiron a zaune yana kan iridiyam da zoben fenil, matakin da yake hawa kuma yana kan zoben firidin. In aka faɗaɗa firidin ya zama aisokwinolin, tazarar da ke tsakanin matakan biyu ta ragu, a sami jan Ir(piq)3 wajen nanomita 620. In aka sa fulorin biyu a kan fenil, tazarar ta ƙaru, a sami FIrpic mai shuɗin sama wajen 470. Hanyar haɗawar duk ɗaya ce da wadda aka bi a sama, ligan ɗin kawai ake canzawa, wato sinadarin da ke kama iridiyam, irin ppy. Ja mai fosforesans ya shiga kasuwa a 2003, kore ya biyo baya a wayoyi kimanin shekara goma bayan haka. Shuɗi ne ya ƙi. Ƙarfin tiriflet ɗinsa ya kusa abin da ke tsinka haɗin sinadari, in biyu suka yi karo kuwa ya wuce shi, ga kuma wani mataki a jikin ƙarfen da zafin ɗaki kaɗai ke iya tura ilektiron cikinsa ya mutu ba haske. FIrpic kansa yana zubar da fulorin da ligan ɗinsa na fikolinet, wani lokaci tun a wurin turarawa. Shi ya sa shekara da shekaru masana'antu suka ci gaba da sa shuɗi marar ƙarfe a shashar waya, kuma shi ne ke fara gajiya, tsohuwar shasha ta riƙa yin rawaya-rawaya. Wanda zai gwada shuɗi ya yi fitilar kore a rana ɗaya da injin ɗaya a matsayin ma'auni. In koren ya ba da kandela 60 a amfiya shuɗin ya mutu, laifin sinadarin ne, in dukansu suka mutu a koma a duba injin da gilashin.